Tambaya da Amsa: Shin Ma'aikacin Lafiya Yana Zaɓen Wanda Zai Saurara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na kawo innata wani asibiti a cikin garin Sakkwato daga rugarmu, tana fama da ciwon mara da jiri. Bafulatana ce, Hausarta ba ta nuna sosai ba. Tana cikin lalubo abin da za ta faɗa, ma'aikacin ya riga ya rubuta magani ya miƙo mana takarda. Wanda ya shiga bayanmu kuwa, mai babbar riga yana jefa Turanci, ya daɗe a ciki har muna jiyo dariyarsu. Shin ƙabilanci ne wannan, ko zuciyata ce take raya mini? Kuma me doka ta ce?
Daga wani mai karatu, ƙaramar hukumar Tangaza.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Abin da ka gani yana faruwa, kuma masu bincike sun daɗe da auna shi. Tun a 1984 wani bincike a Amurka ya gano cewa likitoci sukan katse majinyaci bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayaninsa. Gaggawar ta shafi kowa, sai dai ba daidai take faɗa wa kowa ba. A 2016 wani binciken da aka yi a Jami'ar Bajiniya ya nuna cewa kusan rabin ɗaliban likitanci da sababbin likitoci farar fata da aka tambaya sun yarda da aƙalla camfi ɗaya game da jikin baƙar fata, kamar cewa fatarsa ta fi kauri, kuma masu wannan tunani sun fi raina zafin ciwon da baƙar fata ya ce yana ji.

A nan gida launin fata ba shi ne mizani ba. A ganina, a Sakkwato harshe da sutura da alamar boko sun fi asalin ƙabila tasiri, domin Bafulatanin da ya shigo da makullin mota a hannu ba ya fuskantar abin da innarka ta fuskanta, shi kuwa Bagobirin ƙauye mai Hausa tsantsa yana iya fuskantarsa. Amma da yake rashin Hausa da nisa da birni da ƙarancin karatu sukan taru a kan mutanen ruga da Zabarmawa da Buzaye, sakamakon yakan fito da kamannin ƙabilanci ko da ma'aikacin bai yi niyya ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Najeriya da Gana da Gini da Myanmar, wanda aka wallafa a 2019, ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan da aka lura da haihuwarsu a asibiti sun gamu da tsawa ko duka ko wulaƙanci, kuma ƙananan mata da waɗanda ba su yi karatu ba su ne suka fi shan wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar lamarin a matsayin rashin ladabi kawai, alhali kuskure ne na aikin likita. Yawancin cututtuka daga bakin majinyaci ake gano su kafin a kai ga gwajin jini ko hoto. Macen da ta ce mararta tana ciwo kuma tana jin jiri, dole a tambaye ta yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, ko tana zubar da jini, ko fitsari yana yi mata zafi, domin amsar ita ce ke raba ciwon sanyi da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda yake iya kisa cikin sa'o'i. Idan kuma ɗanta ko surukinta ne tafinta, kunya za ta sa ta haɗiye rabin maganar, ta ce jikin ne dai ba daɗi. Gaskiya ne ma'aikatanmu sun yi kaɗan, layi kuma ba ya ƙarewa, amma wanda ya sami lokacin raha da mai babbar riga bai rasa lokacin waɗannan tambayoyi ba.

Game da doka, sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki da hanyoyin magani, kuma in da hali, da harshen da yake ji, gwargwadon iliminsa. Kundin haƙƙoƙin majinyata da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2018 shi ma ya tabbatar da haƙƙin a mutunta mutum ba tare da nuna bambanci ba. Idan za ku koma, ku tafi da mace mai jin Fulatanci da Hausa wadda Inna ta sake da ita, ku tsara bayanin tun daga gida: yaushe ciwon ya fara, me yake tayar da shi, wane magani aka sha, har da na gargajiya. Idan aka katse ta, ka ce cikin ladabi, "Likita, ba ta gama ba." Idan abin ya ci tura, manyan asibitocin gwamnati suna da teburin SERVICOM na karɓar koke. Idan kuwa ciwon marar bai lafa ba, kada ku jira maganin ya ƙare kafin ku koma.

TAMBAYA: Malam, duk lokacin da maigidana ya raka ni awo, shi ake tambaya, shi yake amsawa. Zan iya neman a saurare ni ni kaɗai?
Daga wata mai karatu, unguwar Mabera.

AMSA: Ƙwarai kuwa Hajiya, ke ce majinyaciya, kuma sirrin lafiyarki haƙƙinki ne a ƙarƙashin wannan doka ta 2014. Ki yi wa maigida bayani tun a gida cewa akwai tambayoyin mata da kike so ki yi, sannan ki gaya wa ungozoma ko ma'aikaciyar jinya da zarar kin miƙa katinki cewa kina so ku keɓe. Ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, gani dishi-dishi, zubar jini ko raguwar motsin ɗa, duk wanda kika ji daga cikinsu ki faɗe shi da bakinki tun kafin a ɗaura miki abin awon hawan jini.