Amsa ga ƙanenmu da aka tura aikin gadar sama

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na saurari saƙon ƙanenmu, inda yake tambaya ko raba wa leburori hular kwano da takalmi da riga mai ɗaukar ido ya isa a ce an kare su. Ni abin da na jiyo a muryarsa shi ne an miƙa masa takardar tantance haɗari ya cike, bai san abin da zai rubuta ba, kuma yana fargabar sa hannu. Wannan ɗin zan amsa.

Ƙanena, hula tana da ranarta idan guduma ko guntun rodi ya suɓuto daga sama, amma ba ta taɓa tare nauyin ɗanyen kankare ba. Abin da ke halaka mutane da yawa lokaci guda a aikin gada shi ne kayan wucin gadi, wato turakun da ake tokare kankare da su kafin ya kama, da katakon zubi, da dandamalin da ma'aikata ke tsayawa a kai. Ita gadar an zana ta, an yi mata lissafi, wani ya sake dubawa. Su kuwa turakun sau da yawa kafinta da shugaban leburori ake bar wa, su kafa da ido. A watan Satumba na 2007, a gadar Can Tho ta ƙasar Biyetnam, tushen wani turke na wucin gadi ya nutse ta gefe guda, sashen da ake ginawa ya rufto, mutum fiye da 50 suka mutu. Ba rashin hula ne ya kashe su ba.

Dalilin da ya sa nake nanata turaku shi ne abin da ya same ni a wani aiki da ba zan ambaci sunansa ba. Damina ce, an kafa turakun a kan cikon ƙasar da ba a daddanne ta sosai ba, sai aka kwana ana ruwa. Da safe na sunkuya ina bin ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, na tarar katakon da aka shimfiɗa a ƙarƙashi ya lotsa cikin laka, har akwai turken da tafin hannuna ya shige tsakaninsa da katakon. Wato ba ya ɗauke da komai, maƙwabtansa ne za su ɗauki rabonsa. A lokacin motocin kankare suna hanya. Ɗan kwangilar ya ce mini siminti ba ya jira, Allah zai kiyaye. Na ce masa Allah yana kiyayewa, amma hannuna ba zai hau takardar nan ba. Aikin ya tsaya kwana uku, a'a, kwana biyu ne, na ukun Juma'a ce. Bayan wata guda aka ɗauke ni daga wurin, aka ce ina da taurin kai, kuma har yau babu wanda ya tambayi leburori nawa ne za su tsaya a kan wannan dandamali ranar. Bari in bar wannan, kada raina ya sake ɓaci.

Game da takardar, kada ka cike ta a ofis. Ka zaga wurin da ƙafarka tare da mai walda da kafinta da mai tuƙa injin ɗaga kaya, domin sun fi ka sanin inda ake zamewa. A kowane mataki ka tambayi kanka abin da zai iya faɗuwa ko ya rufta, a kan wa, kuma idan ya faru rauni ne ko gawa. Duk abin da amsarsa gawa ce shi za ka sa a gaba, ko da kana ganin da wuya ya faru. Sannan ka nemi kawar da haɗarin kafin ka nemi kayan sawa: abin da za a iya haɗawa a ƙasa a haɗa shi a ƙasa, a yi wa gefen dandamali shinge, a hana kowa gittawa ƙarƙashin kaya idan an ɗaga, mutum ɗaya tak ya riƙa ba mai injin alama. Na sha ganin lebura sanye da igiyar ɗaure jiki, ƙugiyar tana reto a bayansa, domin ba a tanadi inda zai maƙala ta ba.

Ko ragar kariya ma ba a sakankancewa da ita. A gadar Golden Gate ta Amurka raga ta ceci mutum 19, amma a Fabrairun 1937 dandamali ya ɓalle ya keta ta, mutum 10 suka tafi. Ka ga dai mun sake dawowa kan kayan wucin gadi.

Cire turaku kuma ba a yin sa don an ga kankare ya bushe a ido, ko don ana buƙatar turakun a wani sashe. Sakamakon gwajin samfurin kankare na kwana 7 da na kwana 28 shi ne hujjarka, da rubutaccen izinin babban injiniya. Haka nan ka bincika ko kamfanin yana biyan kashi 1 cikin 100 na albashi ga hukumar NSITF, wato hukumar gwamnatin Najeriya mai kula da inshorar ma'aikata, kamar yadda dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanada, ka kuma tambaya takamaimai ko an lissafa da leburorin da ake sallama kullum da yamma.

Gobe idan Allah ya kai mu, kafin a fara zubi, ka durƙusa ka ɗauko mini hoton ƙafafun turakun nan, musamman na ɓangaren da ruwa ke kwanciya, ka turo nan zauren mu gani.