Vasari ya cancanci yabon da ake masa?

Malam, ka tambaya ko littafin Giorgio Vasari kan rayuwar masu zane na Italiya ya cancanci yabon da ake masa, alhali an ce akwai kurakurai a ciki. Ni dai ina ganin ya cancanta ƙwarai.

An haifi Vasari a garin Arezzo na Italiya a 1511. Shi kansa mai zane ne kuma magini, shi ya tsara ginin Uffizi a Florence. A 1550 ya fitar da tarihin rayuwar masu zane da masu sassaƙa da magina na Italiya, tun daga Cimabue da Giotto har zuwa Michelangelo, wanda ya sani ido da ido. A 1568 ya faɗaɗa littafin bayan ya zaga garuruwa yana duba ayyukan da kansa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya nuna wa ya koya wa wa, har sana'ar ta zama tarihi mai tsari. Ayyuka da dama da suka lalace, a bayaninsa ake samun labarinsu.

Kurakurai kam akwai. Ya ce mai zane Andrea del Castagno ne ya kashe abokin sana'arsa Domenico Veneziano, alhali Castagno ya rasu a 1457, Domenico kuwa sai 1461. Ya kuma fifita mutanen Florence a kan na Venice. Ka karanta shi, amma ka riƙa tantance kwanan watan da ya kawo.