Ba kowane tsohon jirgi ne Dakota ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna gyaran ɗakin kakanmu bayan rasuwarsa sai muka tarar da wani hoto baƙi da fari a cikin adakarsa. Yana tsaye da babbar riga a gaban jirgin sama, shi da wasu mutum uku. An rubuta "Kaduna" da fensir a bayan hoton, amma babu shekara. Fukafukan jirgin a ƙasan gangar jikinsa suke, yana da taya a ƙarƙashin hanci, wutsiyarsa ɗaya. A gefen da ake gani na ƙirga farfela biyu a jikin fiffike ɗaya, kowace mai hannu biyu. Kusa da wutsiya ana ganin haruffan VR-N, sauran kuma kafaɗar wani ta kare su. Kawuna ya ce Dakota ne. Shin haka ne? Kuma ko za a iya gane shekarar da aka ɗauki hoton?
Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsoho, ya kyautata namu ƙarshen. A shaida wa Kawu cikin ladabi cewa wannan ba Dakota ba ne. Ba a ga laifinsa ba, domin a bakin dattawanmu duk tsohon jirgi mai farfela Dakota ne, kamar yadda duk garin sabulu ya zama Omo. Amma bayaninka kaɗai ya kore shi ta fuska uku. Dakota, wato Douglas DC-3 da ya fara tashi a watan Disamba na 1935, injinsa biyu ne rak, ɗaya a kowane fiffike. Farfelarsa hannu uku gare ta. Sannan ba shi da taya a hanci: ƙaramar tayarsa a wutsiya take, shi ya sa in yana ajiye za ka ga hancinsa ya ɗaga sama, bayansa ya durƙusa, fasinjan da ya shiga ta ƙofar baya sai ya yi hawa kamar mai hawan gangare kafin ya kai kujerun gaba. Jirgin da ya tsaya daidai wa daida a ƙasa ba zai taɓa zama shi ba.

Abin da ka kwatanta ya fi kama da de Havilland Heron, ƙirar Ingila, wanda ya fara tashi a watan Mayu na 1950. Farfela biyu a fiffike ɗaya na nufin inji huɗu ke nan. Na Heron ƙanana ne, ana kiransu Gipsy Queen, kowane mai ƙarfin doki 250, kuma farfelarsu hannu biyu ce kamar yadda ka gani. Yana ɗaukar fasinja 14 zuwa 17. Tsawonsa mita 14.8, faɗin fukafukansa daga wannan baki zuwa wancan mita 21.8, alhali na Dakota ya kai mita 29.

Ka koma kan hoton ka duba abubuwa biyu don ka tabbatar. Na farko murfin injin. Na Heron siriri ne mai tsawo, farfelar tana can saman gabansa, a ƙarƙashinta akwai kafar shan iska, saboda silindojinsa shida a jere suke kuma a kife. Injin Dakota kuwa zagayayye ne kamar bakin ganga, farfelar a tsakiya. Na biyu rufin ɗakin matuƙi: a Heron ya ɗan tashi sama da sauran gangar jikin kamar tozo.

Akwai 'yan'uwansa da ake rikita shi da su, kuma dukkansu sun yi aiki a ƙasar nan. Babban mai ruɗi shi ne ƙanensa a girma, yayansa a shekaru, wato de Havilland Dove na 1945. Hanci iri ɗaya, tozo iri ɗaya, tayar gaba iri ɗaya, sai dai injinsa biyu ne, tsawonsa kimanin mita 12, fasinja 8 zuwa 11. Inda ake faɗawa shi ne hoton da aka ɗauka daga gefe sak: injin waje sai ya kare na ciki, mutum ya ƙirga ɗaya a fiffike ya ce Dove ne. Maganin wannan shi ne ƙirga hannun farfela, na Dove uku, na Heron biyu, sannan layin tagogin Heron ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Handley Page Marathon ma inji huɗu ne, amma fiffikensa a sama yake kuma wutsiyarsa uku a tsaye, don haka bayaninka ya fitar da shi. Argonaut na kamfanin BOAC na Ingila yana da inji huɗu da fiffike a ƙasa da taya a hanci, sai dai ƙato ne, faɗinsa ya kusa mita 36, kuma lambar rajistarsa da G take farawa. Da a ce fukafukan hawa biyu ne, sama da ƙasa, da mun koma DH.86 wanda Imperial Airways ya fara kawowa Kano daga Khartum a 1936.

To, batun shekara. A nan haruffan nan huɗu sun fi komai daraja. Kowane jirgin farar hula yana da lambar rajista, kuma farkonta shi ke nuna ƙasar da ta yi masa rajista. VR-N ita ce ta Najeriya a zamanin Turawa, sai a ƙara haruffa biyu, su ne waɗanda kafaɗar mutumin ta rufe. Bayan samun mulkin kai a 1960 aka koma 5N da haruffa uku a bayanta, wadda ake amfani da ita har yau. Kamfanin West African Airways Corporation, wanda aka kafa a 1946 don Najeriya da Gwalkwas (Ghana ta yanzu) da Saliyo da Gambiya, ya fara da Dove, bai sami Heron ba sai tsakiyar shekarun 1950. In ka haɗa waɗannan biyun, hoton kakanka ya faɗa tsakanin wajen 1955 da farkon shekarun 1960. Za ka iya ƙara matse shi idan ana ganin rubutun da ke saman tagogi. Wancan kamfani ya watse a ƙarshen Satumba 1958, Nigeria Airways ya gaji jiragensa daga 1 ga Oktoba na shekarar. Kada ka dogara da tambarin giwa mai fukafukai wajen raba su, duka biyun sun yi amfani da shi. Sunan da aka rubuta shi ne shaida, tare da lura cewa ba a rana ɗaya ake sake wa jirage fenti ba, wani kan yi watanni da tsohon suna.

Ka tabbata R ɗin nan R ce. A hoton da ya dushe, P da R ƙafa ɗaya ce ta raba su, kuma VP-N ta Nyasaland ce, Malawi ta yanzu. Ka leƙa ƙarƙashin fiffike ma, a da ana rubuta lambar a can da manyan haruffa, sau da yawa abin da mutane suka kare a gangar jiki yana nan cikin inuwar fiffiken.

Kafin duk wannan, a yi wa hoton sikanin na kirki. Yawancin shagunan kwamfuta a dpi 300 suke barin na'urarsu, wato ɗigo 300 a kowane inci, ka ce a ɗaga ta zuwa dpi 1200. Dalili: harafin da bai fi milimita ɗaya ba a jikin hoton, a 300 ɗigo 12 kacal zai samu, a 1200 kuwa zai sami 47, a nan ne ƙafar R take fitowa. A yi shi da launi ko da hoton baƙi da fari ne, a adana shi a PNG ko TIFF, a ɗauki bayansa ma, don hatimin mai hoto ko lambar takarda kan taimaka. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi ƙananan haruffan su narke. Manhajojin nan masu gyara tsohon hoto su sa masa launi, ka nisance su sai an gama bincike. Inda ba su ga harafi ba ƙirƙirowa suke yi, sai ka wayi gari kana neman jirgin da bai taɓa wanzuwa ba. Kuma don Allah kada a kai shi laminatin. Zafin na'urar yana lalata fuskar hoton, kuma abin da aka liƙe ba ya ɓantaruwa lafiya.

Wani abu da ake yawan mancewa: mai wankin hoto kan kifa nagetif, hoton ya fito dama a hagu. In akwai rubutu, nan take za a gane, kai naka tunda ka karanta VR-N daidai ba ka da wannan matsalar. Ga wanda hotonsa ba rubutu, babbar riga ta isa shaida, aljihu da aska a ƙirjin hagu na mai sanye da ita suke. Amfanin sanin haka shi ne ƙofar fasinja ta galibin jiragen nan a hagu take, hoton da aka juya sai ya sa ka ƙi jirgin da shi ne daidai.

Idan Allah ya sa haruffan biyu suka fito, aiki ya zo da sauƙi. Ka rubuta cikakkiyar lambar da kalmar Heron a intanet. Masu tattara tarihin jirage, irin ƙungiyar Air-Britain ta Ingila, sun bi kowane jirgi da lambar da masana'anta ta ba shi, wadda ba ta canjawa ko an sayar da shi wata ƙasa an sake masa rajista, sun kuma rubuta ranar da aka kawo shi da inda ya ƙare. Dalilin tafiyar kakanka kuwa ba jirgin ne zai faɗa maka ba. In ma'aikacin gwamnati ne ko ɗan majalisa, tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Citizen na waɗannan shekaru su ne wurin dubawa, kuma gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke titin Yakubu Gowon da Arewa House da ke titin Rabah duk a garinku suke.

TAMBAYA: Malam, mahaifinmu ya yi aikin sojan sama a Kaduna. Muna da hotonsa jingine da wani ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, fiffike a sama, ƙaramar taya a wutsiya, da tambari zagayayye a jikinsa. Ƙanena ya sa hoton a waya ta ce masa Cessna ne.
Daga wata mai karatu a Unguwar Dosa

AMSA: Hajiya, ki duba tsakanin fiffiken da gangar jikin jirgin. Ƙananan Cessna masu taya a wutsiya irin 170 da 180 da 185 suna da sandar tokare da ta taso daga ƙasan ƙofa a karkace ta riƙe fiffike. In babu wannan sanda, kuma tagogin gefe manya ne, ƙafafun gaba dogaye masu kauri, to Dornier Do 27 ne na Jamus. Wannan ya dace da tarihi: an kafa rundunar sojan sama a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz, kuma Do 27 da Piaggio P.149D suna cikin jiragen da aka fara koyon tuƙi da su a Kaduna. Piaggio ba zai ruɗe ki ba, fiffikensa a ƙasa yake, yana da taya a hanci, kuma tayoyinsa suna naɗewa su shige ciki bayan ya tashi. Bulldog da ya zo a shekarun 1970 da Air Beetle da aka harhaɗa a nan Kaduna daga baya su ma fiffikensu a ƙasa ne, tayoyinsu kuma a kafe suke. Mai inji biyu da aka ɗora a kan gajerun kututture can ƙasa kusa da tayoyi, jikinsa kamar akwati, wannan Do 28 ne.

Wayar ba ta yi abin mamaki ba. Hotunan Cessna sun cika intanet, don haka duk ƙaramin jirgi mai fiffike a sama can take jefa shi.

Game da tambarin, a yi hattara. Na Najeriya kore ne da fari da kore, na sojan saman Ingila shuɗi ne da fari da ja, amma a hoto baƙi da fari duka biyun duhu ne, haske, duhu. Abin lura shi ne a namu zoben waje da ɗigon tsakiya duhunsu ɗaya ne tunda launinsu ɗaya, a na Ingila kuwa galibi ɗaya ya fi ɗaya duhu. Jirgin soja ba ya ɗaukar 5N. Ki nemi haruffan NAF da lamba uku a bayansu, a gefen gangar jiki ta baya ko a jikin wutsiya. Ki aiko mana da lambar tare da hoton da aka yi wa sikanin yadda muka bayyana a sama, kuma in takardar sallamarsa daga aiki tana nan, ki duba shekarar da ya shiga, ita za ta nuna ko zamanin Jamusawan ne ko bayan tafiyarsu.