Kwamfutata ta daina buga faifai tun da ta yi ofdet

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina buga wa mahaifina karatun Alƙur'ani a faifan CD da Windows Media Player, yana saurara a mota. Tun da kwamfutar ta koma Windows 11 na nemi wurin Burn na rasa. Na jawo fayilolin kai tsaye cikin faifai har uku, motar ta ƙi karanta ko ɗaya. Mai gyara ya ce sai an yi fomatin an kashe ofdet gaba ɗaya, ga hotunan iyali da takardun aikina duk a ciki. Injin faifan ne ya mutu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, kada ka miƙa wa kowa kwamfutar nan tukuna. Tunda har ta rubuta a faifai uku, injin na da rai.

Manhaja biyu ce masu suna kusan iri ɗaya. Sabuwar Media Player ta Windows 11 tana kunna faifai, tana kwafo abin da ke cikinsa, amma ba ta bugawa. Wadda ka saba da ita yanzu sunanta Windows Media Player Legacy. Rubuta sunan a Start. In ba ta fito ba, shiga Settings, nemi Optional features, ka girka ta daga nan.

A shafin Burn ka zaɓi Audio CD, wanda ke ɗaukar minti 80 kuma tsohuwar rediyon mota ke ganewa. Data CD na ɗaukar megabayit 700 na MP3, amma sai rediyon da ke karanta MP3. Faifanka ukun nan irinsa ne, shi ya sa motar ta ƙi su. Sayi CD-R, ban da CD-RW. Sannan bi Organize, Options, Burn, ka mayar da gudun zuwa Medium ko Slow, domin faifai mai araha ba ya jure Fastest. Yakan tsaya a tsakiya.

In manhajar ta ce ba ta ga injin ba, buɗe Device Manager ka duba DVD/CD-ROM drives. Alamar rawaya da Code 19 ko 39 yawanci ragowar wata tsohuwar manhajar buga faifai ce da ofdet ya yi karo da ita. Danna Uninstall device, ka sake tayar da kwamfutar. In ya ƙi, a goge UpperFilters da LowerFilters a rajista (Registry, ma'ajiyar saitunan Windows), ƙarƙashin lambar da ta fara da 4D36E965, bayan an yi Export, wato an ajiye kwafinta don a iya mayarwa. A kula sosai: 4D36E967 ta hard disk ce, wato ma'ajiyar kwamfutar, wanda ya taɓa ta kwamfutarsa na iya ƙin tashi.

Maganar mai gyaran nan kuwa tana ɓata mini rai. Kowace cuta maganinta fomatin! Mutum bai buɗe Device Manager ba, bai tambayi kalar faifan ba, sai ya share aikin shekaru, ya ɗora Windows ta sata, ya kashe ofdet, ya karɓi kuɗi. Kuma bayan fomatin ɗin, sabuwar manhajar nan dai za ka tarar, har yanzu ba Burn. Kashe ofdet shi ne mafi muni, don kamar cire ƙyauren gida ne saboda yana ƙara. A watan Mayun 2017 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin Birtaniya, alhali Microsoft ta fitar da maganin ramin da ƙwayar ta bi ta shiga tun watan Maris. Waɗanda ba su yi ofdet ba ne suka sha wuya. In ofdet guda ne ya kawo matsala, shi kaɗai ake cirewa ta Update history, Uninstall updates. Haka manhajojin da ke alƙawarin gyara direbobi (drivers, manhajojin da ke sarrafa sassan kwamfuta) kyauta, ka guje su.

Gwaji na ƙarshe: saka faifan da ka san lafiyarsa lau. In ya karanta DVD ya ƙi CD, ko akasin haka, to hasken lesa ɗaya ne ya raunana, don kowanne da nasa. Ƙurar hunturu ma kan rufe idon. Nan sai ka sayi injin waje mai USB, ka jona shi kai tsaye a jikin kwamfutar.