Me ya sa rubutun Japananci ke karyewa a tsakiyar kalma?

Ɗan'uwa, ka ce ka saka rubutun Japananci a shafinka, layi yana yankewa a tsakiyar kalma, kana tambaya ko kwamfutarka ce ta samu matsala. Lafiyarta ƙalau. Sinanci da Japananci ba sa barin fili tsakanin kalmomi, don haka kusan bayan kowane harafi ana iya sauka sabon layi.

Amma akwai iyaka, wadda Japanawa ke kira kinsoku shori. Aya 。 da waƙafi 、 da baka mai rufewa 」 ba sa fara layi. Baka mai buɗewa 「 kuwa ba a barinta ita kaɗai a ƙarshen layi. Idan aya ta zo faɗawa farkon layi, ko a matse haruffan ta samu wuri a sama, ko a turo harafi ɗaya ya sauko tare da ita, ko a bar ta ta leƙa waje da gefen rubutun. A Sinanci, dogon zane —— da ɗige-ɗige …… gurbi biyu suke ci, ba a raba su.

Inda ake sassauci shi ne ƙananan haruffa irin っ da ゃ da alamar jan wasali ー. A CSS, wato harshen da ake tsara kamannin shafin intanet da shi, umarnin line-break: strict yana hana su fara layi, loose kuma ya ƙyale su, kamar yadda jaridu masu siraran ginshiƙai ke yi.

Don Allah kada ka manta da saka alamar da ke nuna harshen shafinka, wato lang="ja" don Japananci ko lang="zh" don Sinanci. Nan mutane suka fi yin sakaci, alhali da shi burauza ke gane ƙa'idar da za ta bi.