Ba bindiga ce kaɗai ta kayar da baraden Turai ba

Malam, ka tambaya ko bindiga ce ta kawo ƙarshen barade masu sulke a Turai. A ganina tun kafin ta yi ƙarfi suka fara shan kashi. A yaƙin Agincourt, a arewacin Faransa, tsakanin Ingila da Faransa, shekarar 1415, an kwana ana ruwa, gonar da aka huɗe ta zama taɓo. Maharban Ingila suka kafa turaku masu tsini a gabansu, suna ta sakin kibau. Dawakin Faransa da suka ji rauni suka juyo suna tattake nasu, abin tausayi wallahi.

Ga tsadar barde kuma: doki, sulke, horo tun yarinta. Bindiga ta zo ta ƙarasa ne. A yaƙin Pavia, a ƙasar Italiya, 1525, 'yan bindigar Sifaniya suka karya baraden Faransa, har aka kama sarkinsu.