Amsa ga Hajiyar da ƴaƴanta ke zaune gida tunda aka rufe lakwal

Assalamu alaikum Hajiya. Sai da na karanta tambayarki sau biyu kafin na iya amsawa, don abin da kika faɗa yana cikin gidana ni ma, kuma alli ne sana'ata. Kin ce namijin yana ajin ƙarshe na kolej, jarrabawar BEPC na jiransa, macen kuma tana lise. Tunda aka rufe lakwal shi sai barci har hantsi, dare kuma a fada, ita kuma salula da aikin gida sun cinye ta, ga shi ke ba ki yi boko mai nisa ba balle ki koya musu. Allah ya sanyaya miki zuciya.

Ki fara cire wannan maganar ta "ban yi boko ba" daga ranki. Abin da suka rasa tun ranar da aka rufe shi ne ƙararrawa, wato wanda zai ce musu yanzu a tashi, yanzu a zauna, kuma wannan ke ce za ki iya. Mun gani a 2020, lokacin korona, da aka rufe daga 20 ga Maris har 1 ga Yuni. Mun sake gani a 2024, shekarar da ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni a nan Damagaram, aka ɗage komawa daga 2 ga Oktoba zuwa 28. Duk lokacin da aka dawo, yaran da suka riƙe bik a gida ko da kaɗan ne sukan tsaya da ƙafarsu cikin mako guda. Waɗanda suka ajiye kaye gaba ɗaya kuwa, sai ka ga yaro ya manta yadda ake haɗa rabi da sulusi. Lissafi da rubutun Faransanci su ne suke fara zubewa, don abubuwa ne na hannu, kullum suke son a taɓa su.

Awa biyu da safe sun isa, daga ƙarfe 8 zuwa 10, kafin rana ta yi zafi, bayan karatun Alƙur'ani da karin kumallo. Kada ki ce awa biyar, ba za su yi ba, kwana uku za a yi a watse, ke kuma ki ji kamar kin gaza. A raba awa biyun gida biyu, minti 50, hutun minti 10, sannan wani 50 ɗin. Na farko kullum lissafi ko fizik, tun kai yana sanyi. Na biyu a riƙa juyawa: yau Faransanci, gobe SVT (kimiyyar halittu da ta ƙasa), jibi tarihi da labarin ƙasa, gata Ingilishi. Salula tana hannunki ko cikin akwati har ƙarfe 10. In an ce ai darasin yana cikin salular, a kwafe shi a kaye tun da dare. Juma'a a huta.

Ga abin da yake ruɗin iyaye. Yaro ya buɗe kaye ya zuba masa ido awa guda, leɓe na motsi, ke kina ganinsa kina jin daɗi, alhali ba abin da ya shiga. Ki sa ya karanta shafi ɗaya, ya rufe, ya miƙo miki kayen ki riƙe, ya rubuta abin da ya tuna a wata takarda, sannan ya buɗe ya gyara da jan bik. Ba sai kin iya Faransanci za ki ƙirga jan ba. Litinin ja goma sha biyu, Alhamis ja bakwai, kin san ana tafiya. Haka dikte: yayarsa ta karanta masa layi goma daga littafinsu, ya rubuta, su gyara, duk kalmar da ya kuskure ya sake ta sau biyar a wani ƙaramin kaye na kurakurai kaɗai. Wannan ƙaramin kayen shi za a karanta mako guda kafin jarrabawa. Ita ma yayar tana ƙaruwa, wanda ya koya wa wani ba ya mantawa da wuri. Ran Asabar kuma a ɗauko tsohuwar takardar jarrabawa, ana samunsu wajen masu sayar da littattafai da masu fotokofi, a duba lokacin da aka rubuta a samanta, a ajiye agogo, in lokaci ya cika a karɓe takarda ko bai gama ba.

Ina matsawa ne saboda ranar kiran sakamako. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin nan ya san abin da nake nufi. Rana ta take, an cika maƙil, ana kiran sunaye bi da bi, kana bin baƙaƙen da kunne, a zo kusa da sunan ɗanka, a kira na gabansa, a tsallake, a kira na bayansa. Gefe ana guɗa ana rungume-rungume, naka yana tsaye ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ka ce masa mu jira zagaye na biyu, a karanta na zagaye na biyun, nan ma babu. Tafiyar komawa gida ita ce mafi tsawo, ba mai magana, maƙwabta suna leƙowa su tambaya, ka rasa bakin amsawa. Tuwon daren nan ba ya ciwuwa. Kuma ranar jarrabawa ba ta la'akari da watannin da aka yi a rufe, tambayar da za a yi ita za a yi. Wallahi ba na son ki tsaya a filin nan ki ji abin da ake ji.

Sai maganar masu kur, wato masu koyar da yara a gida don kuɗi, kuma a nan raina yake ɓaci. Akwai na kirki, Allah ya saka musu. Amma akwai waɗanda da zarar an rufe lakwal sai su ga kasuwa ta buɗe. Su tara yara talatin ko arba'in a zaure ɗaya, su karɓi kuɗin wata tun ranar farko, su cika allo da rubutu su ce a kwafa, su fita waje suna waya. Wata ya ƙare ba su taɓa duba kayen yaro ko sau ɗaya ba. Uwa ta sayar da akuyarta ta biya, in ta je tambaya a ce mata ɗanta ne ba ya ja. Ina jin zafin wannan ƙwarai, domin amana ce aka ci, kuma ta talaka. Kafin ki ba kowa ko dala, ki tambayi yara nawa ne a wurin, in sun wuce goma ki haƙura. Bayan mako biyu ki buɗe kayen, in ba ki ga jan bik ɗin mushen a kan aikin da yaron ya yi da hannunsa ba, ki cire shi. Sau da yawa ɗalibin jami'ar André Salifou da ke unguwarku, ya zauna da yara uku ko huɗu a ƙofar gidanki inda idonki ke kai, ya fi wancan taron amfani.

Daga ƙarfe 10 kuma fa? Nan ne fada take samunsu, daga shayi a koma abin da ya fi shayi, kin dai san yadda ƙwaya ta yi wa unguwanninmu. Hana shi fita ba zai yiwu ba, saurayi ne. A cika masa yinin da abin da zai gajiyar da shi, kuma a yanka masa lokacin dawowa, ƙarfe 10 na dare ƙofa a rufe. Wannan sai babansa ko kawunsa ya tsaya a kai tare da ke.

In za ki kai shi koyon sana'a, ɗinki ko walda ko gyaran salula ko dukanci da garin nan ya yi suna a kansa, ki je da namiji babba a yi magana a fili da maigidan: yaron ɗan lakwal ne, zai zo bayan ƙarfe 10, zai tashi da la'asar, in an buɗe zai koma. Ki kuma auna bayan mako huɗu. A ɗinki ya kamata ya iya zura zare, ya cika ƙwarƙwaro, ya ja layi miƙaƙƙe, ya ɗauki awo. In har yanzu sayo shayi da guga kawai yake yi, ɗan aike aka samu. A walda kuwa kada ya kusanci wuta sai da baƙin madubin walda na ainihi. Tabaron kasuwa ba ya tare hasken, da rana ba zai ji komai ba, sai tsakar dare ido ya kama kamar an zuba yashi.

Ko a gida ma akwai aikin da zai haɗa hannu da karatu. Ƙa'idar lissafi ta Thalès da ake ba su a ajinsu, a ba shi sanda mai tsawon mita 1 ya kafa a rana. In inuwarta santimita 80 ce, inuwar bedin ƙofar gida kuma mita 6 da 40 a daidai wannan lokacin, ya raba 6,4 da 0,8, bedin mita 8 ne. Ƙa'idar Pythagore kuma magina suna aiki da ita kullum: 60 a wannan gefe, 80 a wancan, in tsakaninsu ya ba da 100 kusurwar ta miƙe. In kuna da pano mai kama hasken rana saboda ɗaukewar kuran, a ba shi lissafinsa. Pano mai wat 50, rana mai ƙarfi ta awa 5, ya kama 250, a cire kusan kashi ɗaya cikin uku na asara, saura wajen 170. Ampul uku masu wat 5 na awa 5 sun ci 75, cajin salula biyu wajen 30, fanka mai wat 15 ta awa 6 ta ci 90. An kai 195, an ci fiye da abin da aka tara, shi ya sa batir ke mutuwa kafin shekara. Ya kuma san batir ake fara haɗawa da regilata, na'urar da ke daidaita caji, sannan pano, kuma ƙurar hunturu tana rage wutar, a riƙa gogewa da safe.

Na so in manta kiwo. Rago ɗaya ramamme mai lafiya, wanda ya fitar da manyan haƙora biyu, wata uku na turka. Makon farko a nemi ma'aikacin dabbobi ya ba shi maganin tsutsa, in ba haka ba tsutsar kike ciyarwa. Harawa, ruwa safe da yamma, ɗan gishiri ko kanwa. Dusa a fara da kaɗan ana ƙarawa, in aka tula masa ita rana ɗaya ciki zai kumbura, yana iya mutuwa. Duk dalar da aka kashe yaron ya rubuta, ranar sayarwa ya cire ya ga ribar da idonsa. Amma ina roƙon iyaye maza da ke cikinmu, kada yaro ya yi wata uku yana wahala ranar layya a kama ragon a yanka ba a biya shi ba. In gida na so, a saya a hannunsa kamar yadda za a saya a Kasuwar Dole. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya sake kiwo da zuciya ɗaya.

Ita kuma yarinyar, Hajiya, ita na fi ji wa tsoro. Namiji in an buɗe yakan koma ko da jan ƙafa. Mace kuwa zaman gida yana tsawo sai a fara cewa ai tana zaune, masu zuwa zance su ƙaru, kafin ki farga an kawo goro. Tun Disamba 2017 akwai dokar gwamnati ta kare karatun ƴa mace, amma bakin uwa a cikin gida ya fi takarda ƙarfi. Awa biyun nan nata ne, ko tulu ya bushe kada a aike ta. Na san wahalar ruwan Damagaram, a tura namijin da bido tun asuba, ba abin da zai rage shi. Shi ma ya koyi dafa shinkafa da wake da wanke kayansa, gobe in karatu ya kai shi Yamai ba ke za ki bi shi ba.

Ki ba ta kayen cefane ta riƙe wata guda: tiya nawa ta hatsi ake ci a mako, nawa ke tafiya a ruwa, nawa a icce ko gas, nawa a mega. Dukansu biyu su iya haɗa ruwan gishiri da sukari in ƙaramin yaro ya kamu da zawo cikin dare: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe ba tozo, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In gishirin ya yi yawa cutarwa yake, a ɗanɗana, kada ya fi hawaye. Ana ba shi kaɗan-kaɗan ana shirin tafiya likita.

Kada ki ɗauki duka rana ɗaya. Gobe dai ki karɓi salulolin ƙarfe 8, ki sayo jan bik biyu da ƙaramin kaye biyu. Makon farko za a yi fushi da kumbure-kumbure, namijin ma yana iya ƙin karyawa, ki daure kada ki mayar da salular kafin lokaci. Ki kuma gaya mana fannin da yarinyar take a lise, A ko C ko D, don a san darussan da za ta fi ba ƙarfi da tsofaffin takardun da za a nemo mata.